Baƙaƙe Masu Lanƙwasa da Gwajin Manhaja Tsakanin Zubin Python

Ɗalibin nazarin harshe a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Harobanda, idan ya shiga ƙirga kalmomi a taskar matanin Hausa, yakan dogara da ƙananan manhajoji da aka rubuta da Python. Kowace manhaja tana buƙatar gwaji, wato gajeren shiri da ke ba ta kalmar da aka san amsarta don a ga ko za ta dace. Sai dai Python yana sauyawa, gwajin da ya yi nasara a wani zubi kan faɗi a wani.

Ga misali. Python 2 yana ɗaukar rubutu a matsayin jerin bayit, kuma a tsarin UTF-8 kowane ɗaya daga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ bayit biyu yake ci. Saboda haka tsawon "ƙasa" yakan fito 5, na "ƴaƴa" kuma 6. Python 3, wanda ya fito a 2008, haruffa yake ƙirgawa, sai ya ba da 4 ga kowace. Gwajin da ke jiran 6 zai faɗi a sabon zubi, alhali kuskuren yana cikin gwajin. An daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairu 2020, amma tsofaffin manhajoji suna nan a hannun masu bincike.

Ko cikin Python 3 ana samun sauyi: zubi na 3.12, a 2023, ya cire assertEquals daga unittest, ya bar assertEqual.

Matakai uku za su taimaka. Na farko, a fayyace UTF-8 duk lokacin da za a buɗe fayil. Na biyu, a daidaita rubutu zuwa NFC kafin kwatantawa, domin wasali mai alamar karin sauti, kamar à, yana iya zama lamba ɗaya ko biyu a Unicode. Na uku, a gudanar da gwajin a kan zubi da dama da tox, a kuma sa kalmomi masu ƴ na rubutun Nijar da masu 'y na Najeriya.

Ƙididdigar da ke cikin kundin digiri ta rataya ne a kan waɗannan gwaje-gwaje. Idan manhaja ta raba ƙ gida biyu, jadawalin tsawon kalmomi ya gurɓata, bayanin da aka gina a kansa ma haka.