Rediyon motata na kwarmato: in sa amfilifaya?

Ni direba ne a Mai'adua, ina jigilar fasinja da Golf tsakanin Daura da Kongolam, ranar Lahadi kuma kasuwa ce ba hutu. Ina son sauraron karatu da wa'azi a hanya, wani lokacin waƙoƙin Shata. Matsalar ita ce da na sauke gilashi sai iska ta cinye muryar. In na ƙure ƙara sai sifikun su kama kwarmato, na baya ba sa gane abin da ake faɗa. Wani mai wayarin ya ce in sayi amfilifaya mai wat 1000. Kuɗin guminmu ne, shi ya sa na ce bari in tambaya tukuna.

Direba, daga Mai'adua

Kafin ka fitar da ko kwabo, sa a kwance marfin ƙofa ka ga sifikun da idonka. Zafin yankinku da ƙurar hunturu suna busar da robar da ke bakin sifika har ta tsattsage. Danna takardar sifikar a hankali da yatsa. In ka ji tana gurzar wani abu, ta tashi aiki. Sifikar da ta yage, ko wace amfilifaya ka jona mata kwarmaton ne zai ƙaru.

In kuwa lafiyarsu lau, to mai wayarin yana da gaskiya, amma ba duka ba. Rediyon mota da aka rubuta wa wat 50 sau huɗu, abin da yake bayarwa a tsaye bai fi wat 15 zuwa 20 ga kowace sifika ba. Da ka ƙure shi sai sautin ya karye, kuma karyayyen sauti shi ke ƙona sifika. Amfilifaya tana gyara wannan. Sai dai wat 1000 ɗin nan na jikin kwali ado ne. Nemi lambar da aka rubuta RMS a gefenta, ka daidaita da ta sifikunka. Wat 50 zuwa 60 kowace kafa ya wadatar da Golf.

Wurin haɗawa nake so ka tsaya a kansa da kanka. Wayar wuta ta taso daga batir kai tsaye, mai kauri, ta jan ƙarfe, a sa mata fis kusa da batir, kada tazarar ta wuce kamu ɗaya. Wannan kada ka yi sassauci: waya ta goge a jikin ƙarfe babu fis, gobara ce, ga mutane a mota. Wayar da ake ɗaurawa a jikin mota ta zama gajera, a kankare fenti kafin a ɗaure. Wayoyin sauti su bi wani gefen daban, in ba haka ba za ka riƙa jin kuka duk lokacin da ka taka totur. A jona siririyar wayar da ke kashe amfilifayar tare da rediyo, don kada ka wayi gari batir ya sauka. Kada kuma a binne ta ƙarƙashin buhuna ranar kasuwa, iska take so.

A jikin amfilifayar akwai maɓallin da ke rage gangar ƙasa ga ƙananan sifiku. A kunna shi wajen 80, muryar malami za ta fito fes. Ƙarar kuma ka bar ta inda za ka ji hon ɗin tirela a bayanka.