Uwar Kuɗi Amana Ce: Darasi Daga Gidauniyar Matasanmu



Kowace kaka, in gero da riɗi sun shigo gida a Yankwashi, Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, matasanmu sukan tashi neman kuɗi domin aikin jama'a: gyaran rufin ɗakin sujada, sayen bencina, ko kuɗin asibitin ɗan'uwa. Sukan sayar da zoɓo da kunu, su yi gwanjon kaji da damman hatsi ranar godiyar girbi. Sau da dama sukan tashi da riba, alhali mu iyayensu masu tireda da masu awo muna kukan karyewar jari. Dalili ɗaya ne: matashi ya san kuɗin ba nasa ba ne, kuma za a tambaye shi a gaban taro. Bari mu koyi abubuwa huɗu daga gare su.

Na ɗaya, mu raba uwa da riba. A misali, in an ba matasa naira 20,000 suka yi cinikin 26,000, sukan fara mayar da 20,000 ga ma'aji, sa'an nan su kira 6,000 riba. Mai tireda kuwa yakan sa hannu cikin gwangwani ya ɗauki kuɗin cefane tun kafin ya ƙidaya. Manomi ba ya tuwo da iri.

Na biyu, mu yi lissafi kafin mu yanke farashi. Matasa sukan haɗa kuɗin sukari, citta, ƙanƙara, leda da kuɗin mota. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi ƙwarai. Wanda ya saro kaya daga Kasuwar Kwari ko Dawanau a Kano, bai sa kuɗin hanya da na dako cikin farashi ba, jarinsa yake ci yana tsammani riba ce. Mu tambayi kuma nawa za mu sake saro kayan gobe.

Na uku, mu rubuta. Matasa suna da littafi: wane ya ɗauki kwalba goma, wance ta biya rabi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin da ba a rubuta ba shi ke raba zumunci. Tun ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mutane da yawa sun saba biya ta waya. Kada kaya su bar hannunmu sai mun ga shigar kuɗin a asusunmu.

Na huɗu, mu ba da lissafi ga wani. Ma'ajin matasa yakan karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, kowa yana ji. Kowannenmu ya sami amintacce, miji ko mata ko uwar adashi, ya buɗe masa littafinsa ƙarshen kowane mako.

Jarinmu na 'ya'yanmu ne, da shi za su ci, da shi za su yi karatu. Mu riƙe shi da tsoron da matasa suke riƙe kuɗin jama'a.

Domin tattaunawa a ƙungiyoyinmu: Nawa ne uwar kuɗinmu yau? Wa muke bi bashi, kuma ina aka rubuta?