Zama da Maƙwabcin da Ba Addininku Ɗaya Ba: Shawarwari ga Magidanta

Wanda ya san Kaduna kafin rikicin shekarar 2000 ya san unguwannin da Musulmi da Kirista ke ɗiban ruwa a famfo ɗaya. Yau kogi ya raba garin, akasarin Musulmi a arewacinsa, akasarin Kiristoci a kudu, yara na tashi ba su san juna ba. Haɗin kan ƙasar da ake ta jawabi a kansa, a layinmu ake ƙulla shi, kuma ba ya cin kuɗi.

1. Ku kira maƙwabci da sunansa.
"Bayaraben nan mai shago" ba suna ba ne, kuma yara na jin ku. In suka saba cewa Baban wane da Maman wance, zai yi wuya wani ya zo gobe ya ce musu mutumin abokin gaba ne.

2. Kwanon sallah ya tsallaka katanga.
Ku ware wa gidansu naman layya tun kafin a fara suya, ku ba yaro ya kai. In sun aiko da shinkafar Kirsimeti ku karɓa da godiya. Da yawansu Musulmi suke kira ya yi musu yanka don mu samu mu ci. Kuma kada kwano ya koma wayam, ko ƙuli-ƙuli ne a saka.

3. Ku je ta'aziyya da ƙafarku.
Zumunci a ƙafa yake. Mutum kan manta wanda ya zo masa biki, amma ba ya manta wanda ya zauna masa a tabarma ranar da ya yi rashi.

4. Faɗan kwata ya tsaya a faɗan kwata.
Ruwan wanki ya kwararo ƙofar wani, akuya ta ci shuka, yara sun dambace wajen ƙwallo: duk wannan yana faruwa har tsakanin 'yan uwa ciki ɗaya. Ku tari maigidan ku biyu a kashe maganar kafin dare, in ta faskara a je wa mai unguwa. Abin da na fi tsoro shi ne a ce "ai dama haka suke", domin daga nan ne rigimar gida biyu ke zama ta unguwa.

5. Saƙon WhatsApp mai tayar da hankali ya kwana a wayarku.
Sau da yawa hoton tsoho ne, ko ma na wata ƙasa. Ku kira wanda kuka sani a garin da aka ambata kafin ku tura wa kowa.

6. Ku haɗu a aikin gayya.
Yashe magudanar ruwa kafin damina, karo-karon gyaran taransifoma, sintirin dare. A nan ake karɓar lambar wayar juna, har liman da fasto su saba, kamar yadda Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka ajiye gaba suka kafa cibiyar sulhu a Kaduna a 1995.

7. Ku ba yara labarin Malam Abubakar Abdullahi.
Limamin ƙauyen Nghar ne a Barikin Ladi, jihar Filato, wanda a watan Yunin 2018 ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana mahara shiga. Ku ba su labarin bayan cin abincin dare, sannan ku tambaye su wane maƙwabci za su buɗe wa ƙofa.