Darasi: Amanar Abincin Tallafi

Ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani, tantance mai karɓar tallafi ba cin mutunci ba ne. A Shekarar Toka, 18 bayan Hijira, Halifa Umar (R.A.) ya sa an ƙidaya waɗanda ake ciyarwa a Madina. Haka a 2024 Gwamnatin Tarayya ta sharɗanta lambar NIN ga mai sayen shinkafar rangwame.

To, kai mai noman rani a Kura ko Bunkure, rumbunka cike, in ka ari katin wani ka shiga layi sau biyu, wallahi rabon maraya ka ci. In kuwa kai aka ba rubuta sunaye, kada ka cusa na mamaci. Ka ji tsoron Allah. Allah ya sa mu dace.