Renon Ƙwayoyin Halitta Cikin Ƙananan Magudanai

Gabatarwa

Mai fassara ba zai iya raɗa wa abu suna ba sai ya fahimci yadda yake aiki. Don haka wannan ɗan darasi zai yi bayanin wata na'ura ta binciken magunguna, sannan mu duba abin da ya dace a kira ta da Hausa.

Matsalar Faranti

Tun 1907 Ross Harrison na Amurka ya nuna cewa ana iya renon ƙwayoyin halittar jiki a wajen jiki, inda ya gwada da na kwaɗo. Daga baya masana suka saba shimfiɗa su a kan faranti. To amma a cikin jiki ƙwayoyin ba a shimfiɗe suke kamar tabarma ba. A dunƙule suke, kowace tana da maƙwabta sama da ƙasa da kowane gefe, ga jini yana kawo musu abinci. Wadda aka kwantar a faranti takan sauya hali, shi ya sa magani kan yi aiki a can, ya gaza a jikin mutum. Idan kuwa aka dunƙule su ba tare da hanyar ruwa ba, na tsakiya sukan mutu saboda rashin iska.

Yadda Na'urar Take

Wata 'yar roba ce mai haske, ba ta wuce tsawon yatsa ba. A cikinta akwai magudanai masu siranta kamar silin gashi. Ana zuba ƙwayoyin cikin wani abu mai kama da kamu, su yi tsawo da faɗi da kauri, ruwan abinci kuma yana ratsawa a hankali kamar jini. A 2010 masana a Jami'ar Harvard suka kwaikwayi huhu ta wannan hanya, har robar tana miƙewa tana dawowa tamkar numfashi. A 2022 Amurka ta yi dokar da ta janye tilascin gwada sabon magani a kan dabbobi, ta buɗe wa irin wannan na'ura ƙofa.

Abin ya shafe mu a nan Abuja. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu ce ta samar da Niprisan, maganin sikila da aka haɗa daga tsirrai. Azabar mai sikila kuwa daga toshewar ƙananan hanyoyin jini take, kuma masana a waje sun riga sun kwaikwayi toshewar a cikin magudanan nan, suna kallo da madubin likita.

Batun Suna

Wasu za su ari kalmar Turanci su ce maikurofuluwidik. Ni da na koyi Hausa da girmana ma harshena ya ƙi ta, balle mai sauraron rediyo a ƙauyukan Kwali. "Bututu" ya yi girma, yana tuna wa mutum famfo. Na fi son "na'urar ƙananan magudanai", domin manomin fadama ya san magudana da abin da take yi wa shuka. Aibinsa ɗaya: bai ambaci renon ba.