Bayan Motocin Aljeriya Sun Juya

Jama'ar Matameye! Ni ma'aikaciyar kula da walwalar jama'a ce, kuma cikin aikina har da tarbar matanmu da yaranmu da ake maidowa daga Aljeriya. Tun ƙarshen 2014 ake wannan kwaso, a biyo da su ta Assamaka da Agadas har Damagaram, sannan kowa ya nufi garinsu. Ba mu manta da 2013 ba, shekarar da ƙishirwa ta kashe mutum 92 a sahara gaba da Arlit, galibinsu mata da yara daga ƙasar Kance. Duk da haka tafiya Aljeriya ba ta tsaya ba.

Ranar da mota ta iso ba a rasa mutane. Hukuma na nan, ƙungiyoyi na nan, masu ɗaukar hoto da salula sun ma fi kowa yawa. Bayan mako guda ne ake neman mai taimako a rasa.

Bara na tarbi wata baiwar Allah, na tambaye ta ko tana da gida, ta ce e. Na rubuta, na sallame ta. Kwana goma bayan nan, da asuba, sai ga ta a rumfar tasha, ta shimfiɗa buhu, ta lulluɓe yara uku da zane ɗaya, ƙafafunsu duk faso. Ashe gonarta ta jinginar ta biya kuɗin mota, ɗakin kuma damina ta kayar da shi tana can. Laifina ne. Wace Bahaushiya za ta ce ba ta da gida a gaban jama'a? Tun ranar nake jan mace gefe in ce, "Yaya, ina za ki kwana yau?"

Ba kuɗin ofis ne suka fitar da ita ba. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ce ta kwashe itacen da ke ɗakinta na baya ta ba ta. Samari suka yi gayya, suka kwaɓa ƙasa suka tayar mata da bango. Wani malamin lakwal ya yi ta zirga-zirga har babban yaron ya samu takardar haihuwa, aka sa shi aji. Cikinsu ba wanda aka biya ko dala.

Ba masu dawowa daga Aljeriya kaɗai ke buƙatar taimako ba. Akwai wanda ruwa ya rushe wa gida, akwai mai taɓin hankali da ke kwana a rumfunan kasuwa, akwai almajirin da bargonsa buhun siminti ne.

Hunturu na tafe. In kana da zaure ko ɗakin da ba kowa, ko tabarma, ko yini guda na aikin gini, ka sanar da mai unguwarku ya haɗa mu. Abu ɗaya nake roƙo: in ka zo, ka bar salularka a aljihu. Mutanen nan an ɗauke su hoto ya isa.