Kafin ka biya kuɗin mota, ja bel ɗin kujera har ƙarshe

Ba a gane motar da ta sha ruwa a jikin fenti. An wanke ta tas, injin ya tashi da murɗa ɗaya, dillali na rantsuwa. Sai bayan wata biyu ko uku gilashi ya ƙi sauka, fitilun dashbod su riƙa kamawa ba dalili, a ƙarshe mai wayarin ya ce maka biren-bos ne. Ashe ruwa ya daɗe yana cin wayoyin a ɓoye, balle in na gishiri ne.

Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubban motoci a Houston ta Amurka. Irinsu kamfanonin inshora ke kaiwa gwanjo, kuma daga gwanjon ne dillalai ke saro wasu motocin da ake saukewa a Kwatano da Legas, mu nan mu ce Beljiyam. Ta hannu ma ba ta tsira ba. Ka tuna motocin da ruwa ya shanye a Maiduguri a Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle.

In za ka duba mota, ka je da rana, da bakanikenka, ban da na dillali. A rufe motar ruf a bar ta cikin rana ɗan lokaci, sannan ka buɗe ka shaƙa. Warin danshi ba ya ɓuya. In kuwa turare ya yi yawa, ni daga nan nake fara zargi.

Sai ka bi inda hannun mai wanki ba ya kaiwa. Ja bel ɗin kujera har ya ƙare. Can ƙarshensa za ka ga shatin ruwa ko busasshiyar laka. Ɗaga kafet ka matsa soson da ke ƙasa. Haska fitilar waya ƙarƙashin kujera: tsatsa a kan notuna da ƙarfen da kujera ke gudu a kai alama ce babba, don ruwan sama ba ya isa wurin. Ɗauke safaya ka duba raminta ko akwai yashi. Sabon kafet fil a tsohuwar mota ma abin tambaya ne.

Zaro sandar gwada baƙin mai. In ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga injin.

In ta Amurka ce, kwafi lambar shasinta, mai harufa da lambobi 17, ka duba a shafin Carfax ko ka rubuta ta a Google. Sau da yawa hotunan gwanjon na nan, har da lakar. Dillalin da ya hana ka ɗaga kafet, yi masa sallama ka leƙa gaba.